Fuskar da ke Cikin Murhun Malachy Tuohy

Na fara sanin Malachy Tuohy a shekarar 1961, da aka turo ni koyarwa ƙauyen Kilcarna, ina sabon fitowa daga makarantar limaman coci, takalmina na sheƙi. A kangon tsohon cocin bayan gari na same shi, yana yankan ciyawa da lauje tsakanin kaburbura. Hazon teku ya rufe shi har gwiwa, kamar mai tafiya cikin madara.

"Malam, matsa gefe," ya ce. "Kan kakar wani kake tsaye, kuma tun tana da rai ba ta da haƙuri."

Maginin katangar dutse ne, irin wadda ba a sa mata siminti. Ba wanda ya ɗora masa kula da kangon, shi ya ɗora wa kansa. Ƙofar cocin ginin baka ce, an sassaƙa fuskokin waliyyai a jikinta, amma gurbin ɗaya rami ne kawai. Ranar ziyara, cikin watan Agusta, mutane kan zagaya rijiyar waliyyi, su ɗaura tsumma a itacen ƙayar da ke gefenta, sannan su bi ta ƙofar suna shafa fuskokin ɗaya bayan ɗaya. In sun zo gurbin, sai su sa hannu a ramin su wuce. Malachy bai taɓa bi ta ƙofar ba. Katanga yake haurawa.

Na daɗe ina shan shayi a gidansa kafin in san dalili. Wata rana ana yayyafi, matarsa Nuala tana yanka burodi, na yi tambayar.

"Nuna masa mana, tsoho," ta ce. "Ko yau ma kunyar ce?"

Ya kama hannuna ya cusa ta bayan dutsen da ke tsakiyar bakan murhu. Yatsuna suka taɓa hanci, suka taɓa idanu a rufe, da ɗuminsu kamar na mai barci. Kakansa ne ya ciro dutsen daga ƙofar cocin, shekarar da mai filin da suke haya ya rushe musu gida ana cikin hunturu. Ya gina wannan gidan cikin gaggawa, ya juya fuskar ciki don kada ta dube shi.

"Aro ya yi," in ji Malachy. "Ya ce in an samu sarari a mayar."

"Aro!" Nuala ta yi dariya. "Ai wannan waliyyin ya fi 'yan uwansa morewa. Su suna can ruwa na dukansu, shi yana nan yana shaƙar ƙamshin burodina. Ka zare shi, bango ya zubo mana a ka. Sai bayan raina, Malachy Tuohy!"

Gaskiyarta, dutsen ne ya riƙe murhun, murhun kuma ya riƙe bangon. Haka shekaru suka yi ta wucewa. Wani lokaci nakan hango shi zaune a kan katanga yana kallon ramin nan, tsuntsaye na shiga suna fita, laujensa kwance a cinya.

Nuala ta rasu a 1989. Na zaci zai yi abin nan da nan, amma bai yi ba. "Inda take jingina ke nan, Malam," ya ce, yana shafa bangon. Hannunsa ya soma rawa, har cokali yana ƙara a cikin kofi. Na san in ya ƙara jinkiri ba zai iya ɗaga dutse ba.

Safiyar wata ranar ziyara na riga kowa zuwa kangon. Hazo bai tashi ba. A jikin ƙofar na ga fuska guda baƙa ƙirin a cikin farare, ta zauna daram kamar ba ta taɓa fita ba, tana ƙanshin hayaƙi. Na waiwaya wajen tudu. Babu hayaƙi a gidan Malachy, bangon gefe ɗaya ya zube, ana hango sama ta cikin ɗakin.

Shi kuwa yana zaune bakin rijiya, baro a gefensa, da butar shayin Nuala a ƙulle cikin tsumma.

"Ina za ka kwana yanzu?" na tambaye shi.

"Ƙanwata na da ɗaki. Surutunta ne dai."

Ya miƙe a hankali, ya cire hula, ya bi ta ƙofar.