Ranar da Kakata Ta Fassara "Aulad"

Ko zan manta da komai na ƙuruciyata a Jidda, ban da ranar da kalma ɗaya ta kusa hana ni karatu.

Ina 'yar shekara tara lokacin, muna zaune a unguwar Hindawiyya. Dattawan Hausawan unguwarmu suka haɗa kai suka kama wani gida, za a buɗe makarantar yamma don yaran da ba su samu shiga ta gwamnati ba. Sanarwar da suka liƙa a bakin masallaci da Larabci take, wai kowa ya kawo "aulad" ɗinsa kafin sallar Juma'a, daga nan a rufe rajista. To, a Larabcin da muke ji a titi, aulad yara maza ne. Babana ya tasa yayyena maza biyu gaba ya tafi, ni ko kallo ban ishe shi ba. Wallahi na ji zafi. Na zauna bayan ƙofa ina kuka har da majina.

Kakata, mutuniyar Damagaram, shekararta talatin a Jidda amma Larabcinta bai wuce "yalla" da "halas" ba. Da ta ji abin da ya faru, sai ta yafa mayafi ta ce, "Share hancin nan, kin fi kowa muni in kina kuka. Mu je."

Muka tarar da malamin rajista yana shirin rufe littafi. Ya ce, "Hajiya, ai aulad aka ce."

Ta ce, "Malam, ni ban iya yarenku ba. Mene ne aulad da Hausa?"

Ya ce, "'Ya'ya."

"Sake faɗi a hankali."

"'Ya... 'ya."

"Madalla! Da bakinka ka kira mace sau biyu. Ina ka ji ɗa a ciki? In don kalma ce, mazan ne za ka kora."

Wurin ya kaure da dariya, babana ya rasa inda zai sa kansa. Wani dattijo ya ce shi fa da suka rubuta, duka yara yake nufi. Wani ya ce shi maza ya fahimta. Ashe su kansu ba su taɓa zama sun tsayar ba! Nan take suka yanke cewa mata ma za su shiga, da ajinsu da malamarsu, awoyi ɗaya da na maza. Kakata ta ƙi motsawa sai da aka ciro takardar aka ƙara "banat", wato 'yan mata, aka karanta mata. Kafin a kira salla, iyaye mata sun cika layin da 'ya'yansu.

Yau ni ma malama ce, kuma duk taron da za a tsara wata doka, ana tsokanata da cewa na cika ƙorafi a kan kalma. Ban damu ba. Abin da na koya a ranar shi ne, in ba a ambaci mace ƙarara a rubuce ba, kada ta yarda a ce mata ai tana ciki.