Sunan da Na Ƙi Kira

Yayata ce macen da na fara gani tana jan ragamar makaɗa maza a bukukuwan unguwar Jikwoyi. Wata nas da ta yi karatu a Kuba ce ta ba ta kaset ɗin wata mawaƙiya 'yar Latin Amurka, mai murya kamar ta fasa rufin kwano. Ba ma jin ko kalma ɗaya, amma da Yaya ta ji cewa matar ce ke gaba, maza na bin ta da ganguna, shi ke nan. Ta ɗauko kiɗan ta ɗora masa Hausa, ni kuma ina amshi.

Kawunmu, darakta a wata ma'aikata, shi ya kashe mata baki. A wani biki a unguwar Kado ya tashi gaban jama'a ya fizge wayar lasifika, ya ce 'yar gidansu ba za ta yi rawar arna ba. Yaya ta tsaya da makirufo a hannu, bakinta na motsi, ba sauti. Ba ta ƙara waƙa ba har ta rasu. Ban yafe ba, kuma ban taɓa yin kamar na yafe ba.

Yau ba bikin da ba a jin kiɗan nan. Sai ga Kawu yana bugun ƙirji wai 'yarsu ce ta fara. Da auren autarsa ya zo, ya kira ni.

"Ke za ki yi mana performance. Irin na marigayiya nake so, you know."

"To, Kawu. Allah ya kai mu."

A wajenmu mawaƙiya takan kira manyan biki da suna, kowa ya fito fili a gan shi. Uban amarya ake fara kira. Ranar bikin, ina ɗaga murya Kawu ya gyara babbar riga, ya tako tsakiyar fili. Na kira Yaya da cikakken sunanta. Na kira uwar amarya, da dangin ango, da masu girki, har direbansa sai da na wasa shi ya fito yana rangaji.

Kawu na tsaye, murmushi ya bushe masa. Abokan aikinsa suka fara kallon juna. Ya matso ya ce a hankali, "'Yata, kin manta da ni."

Na kawar da makirufo daga bakina.

"Ban manta ba, Kawu. Wallahi ban manta ba."

Na juya na ce wa makaɗa su ƙara wuta.