Jar Motar da Ta Cinye Hannun Baba

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, shekara guda bayan an rufe masaƙar da Baba yake aiki a Kakuri, aka jawo jar motar nan da igiya zuwa garejin Oga Chidi. Ina tsugune ina wanke notoci a kwanon kananzir na ga ta shigo. Ba ta da rufi, kujera biyu ce kawai a cikinta, ga ta ƙasa-ƙasa kamar kwalekwale, tayar baya ta hagu tana gurnani kamar injin niƙa. Wani Alhaji ne daga Tudun Wada mai ita. A hannun wani Bature ya saye ta tun ba a haife ni ba, kuma yana son ya sake ganinta a kan titi kafin ya mutu. Oga Chidi ya girgiza tayar, ya ce boris ɗin da take juyawa a kansa ne ya mutu, sai an cire hob, wato ƙarfen da taya ke ɗaure a jikinsa, kafin a kai gare shi. Ya dubi Baba ya ce, "Malam Iro, ga taka. In ka tayar da ita, na ba ka lungunka a garejin nan da yaron aikinka."

Lokacin ban wuce shekara goma ba, kuma ban taɓa shiga aji ba. Da girma Baba ya shiga kanikanci, bayan masaƙa ta sallame su, kuma ba wanda zai ba sabon shiga yaro, don haka ni ne yaronsa. Ni ke miƙa sufana, ni ke riƙe, ni ke wankewa. Ɗaki ɗaya muke haya a wani babban gida, mu da Bajju da Ibo da Nufawa, famfo ɗaya, banɗaki ɗaya. Da safe sai na cika wa Mama randa, na share ƙofar ɗaki, na kai niƙa, sannan na bi Baba. A hanya nakan haɗu da yaran gidanmu sanye da kayan makaranta, suna buga ƙwallon leda ko suna gara tsohuwar taya har bakin ƙofar firamare. Ni sai na wuce da akwatin ƙarafa a ka. Kullum Mama tana cewa, "Malam, yaron nan fa girma yake yi." A ranar da jar motar ta zo ne Baba ya ba ta amsa ta farko. Ya ce, "Bari motar nan ta tashi. Ranar da aka ba ni yaro, ranar zan kai Ɗanlami makaranta da kaina."

Ban taɓa son wani aiki kamar yadda na so wannan ba. Muka ɗaga ta da jak, muka tokare da kututture, muka cire taya da gangar birki. Baba ya zare fil ɗin da ke kulle noti, ya kwance babban notin da ke tsakiya, ya miƙo mini na jefa a kwano. Wannan ɗabi'arsa ce tun daga masaƙa. Can, noti ɗaya in ya faɗa cikin inji sai ya lalata yadi mai yawa, saboda haka ba a barin noti sako-sako a jikin komai. Ko dai a ɗaure shi tam, ko a cire shi a ajiye. Haka aka koya masa, haka shi ma ya koya mini.

Noti ya fita, hob ya ƙi motsi. A irin waɗannan tsofaffin motoci, bakin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, yana da tsini kamar turke, hob ɗin kuma a kansa yake zaune, ga tsatsar shekaru ta haɗe su. Muka zuba kananzir, muka zuba baƙin mai, muka zuba man birki. Muka hura gawayi muka gasa shi har fenti ya fara wari. Baba ya ɗora katako ya yi ta dukansa da guduma har tafinsa ya yi kanta a kan kanta. Ruwan sama ya riƙa korar mu ƙarƙashin rumfa, in ya ɗauke mu koma cikin taɓo. Sauran kanikawa suna wucewa suna tsokana, "Masaƙi, ka saƙa mata zani ko za ta yarda!" Baba ya ci gaba da dukansa. Direban Alhaji kuwa kullum sai ya leƙo ya tsaya a kanmu.

Daga ƙarshe aka ce akwai wani mai walda a Kudenda da ya ƙera pula, ƙarfe mai ƙafafu da ake kama hob da shi a matse ƙusar tsakiya har ya janyo shi. Muka je a ƙasa muka aro, muka ɗauko shi bi da bi. Washegari da hantsi Oga Chidi ya tafi kasuwar Panteka neman sabon boris, mu kuma muka ɗaura pula. Baba ya zura bututu a sufana don ƙarin ƙarfi, ya ce in rataya a kai da duk nauyina, shi kuma ya durƙusa ya riƙe pular da hannun dama don kada ta goce. Na rataya. Ƙarfe ya yi ƙara, ya yi shiru. Na sake ratayawa. Sai na ji kamar an harba bindiga. Hob da pula suka yi tsalle tare, suka haɗa hannun Baba da kututture.

Bai yi ihu ba. Ya dai zauna a cikin taɓon yana kallon yatsunsa. Ana cikin ɗaure masa hannu da tsumma Oga Chidi ya dawo da boris a leda. Ya dubi shaf, ya dubi hob a ƙasa, ya ce, "Ina noti?" Na miƙa masa kwanon. Ya ɗora hannu a ka. "Malam Iro, ba a cire shi duka! Sassautawa ake yi a bar shi a kai, shi ne zai tare hob in ya saki. Wallahi na ɗauka ka sani." Baba ya ce, "Yanzu na sani, Oga."

Mai ɗori ya yi iya yinsa. Yatsu uku ba su sake lanƙwasuwa ba. Amma mota tana nan a kan kututture, don haka kafin hannun ya warke Baba ya koma gareji da shi a rataye a wuya. Ya zauna a kan tsohuwar taya yana faɗa, ni ina yi. Da hannuna na ɓamɓare roba mai tare mai, na bi tsohon boris da ƙusa da ƙaramar guduma, nan kaɗan can kaɗan, har ya faɗo, 'ya'yansa duk sun farfashe. Na wanke gurbin, na cusa wa sabon giris da yatsa, na zaunar da shi daidai. Baba yana cewa, "A hankali, kar ya shiga a karkace." Motar ta tashi. Alhaji ya zo ya shiga, ya yi mana addu'a, ya tafi yana murna.

Oga Chidi ya cika alkawari, ba zan ɗauke masa wannan ba. Ya ba Baba lungu, ya ba shi yaro. Sai dai yaron ya zo ne ya koya a wajen mai hannu, bai kai ƙarshen damina ba ya koma wajen wani. Ba wanda ya zaunar da ni ya ce an fasa makaranta. An daina maganar ne kawai. Yadin kakin makarantar da Mama ta riga ta saya mini a ɓoye, ƙanena aka ɗinka wa.

Yau wajen garejin shaguna ne na masu sayar da waya. Baba ya rasu, Oga Chidi ya koma garinsu. Motocin yanzu hob da boris a haɗe suke zuwa, ka kwance ka jefar ka ɗaura sabo, yaran da ke ƙarƙashina ko gumi ba sa yi. Da azahar sukan tafi cin abinci su bar ni ni kaɗai a rumfa, bayana na ciwo, wani lokaci sai in ji ina ma in waiwaya in ga Baba zaune, ko faɗa ne ya yi mini. Ban riƙe kowa a zuci ba. Na dai gaji tun ina yaro, kuma har yau ban huta ba.