Tattabarun Kawu Mai Agogo

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya yi shekara arba'in da ɗoriya yana gyaran agogo a bakin gidan waya. Kayan aikinsa ba su wuce ɗan akwatin gilashi da kujera mai ƙafa uku ba, sai wani madubi da yake maƙalawa a ido ɗaya har gefen fuskar ya lotsa. Ba mai surutu ba ne. In ka kawo masa agogo sai ya kara shi a kunne, ya harare ka kamar da gangan ka kashe shi, ya ce ka dawo jibi. Da wayar hannu ta zo mutane suka daina ɗaura agogo, bai fasa fita ba, wai kada tsatsa ta cinye masa kayan aiki.

In kana son ganin haƙoran Kawu, sai ka bi shi gida da la'asar. Tun yana saurayi yake kiwon tattabaru. Ya jera akwatunan katako a jikin katangar baya, shi ya ƙera su da hannunsa. Da ya kaɗa gwangwanin hatsi sai ka ga sun sauko ta ko'ina, wasu a kafaɗarsa, wasu a kan hularsa. Sun kai sittin, kuma ya san kowacce, ya san uwarta, ya san wadda ta yi yaji ta bar mijinta. Matarsa, Allah ya jiƙanta, takan ce da ita ma tana da fiffike da ta ga gata a gidan nan. Bai taɓa yanka ko ɗaya ba. Lokacin da take jinya aka ce a ba ta naman tattabara, kasuwa ya je ya sayo na wani, ya kai wa maƙwabci ya yanka.

Akwai abu ɗaya da yake raba shi da sauran masu kiwo. In mutum ya sayo sabuwar tattabara, yakan fige mata dogayen gashin fiffike don kada ta koma inda ta fito. Kafin gashin ya sake fitowa ta saba da wurin, ta yi ƙwai, ta zauna. Kowa haka yake yi. Kawu kuwa cewa yake wannan ba kiwo ba ne, kurkuku ne. Ya taɓa yin shekara guda ba ya magana da wani amininsa a kan haka.

Gidan da ya zauna duk tsawon shekarun nan na haya ne. Mai gidan ya rasu, magada suka sayar, wanda ya saya ya ba Kawu wata uku ya kwashe kayansa. Sai babban ɗansa, injiniya, wanda nake kira Yaya, ya ce ya dawo wurinsa. Ba zan yi wa Yaya ƙarya ba, ya ba shi ɗaki mai fanka da banɗaki a ciki. Amma gida ne da aka shafe tsakar gidansa da tayil tun daga ƙofa har bango, babu inda kaza za ta yi tono.

"Baba, sittin fa?" in ji Yaya. "Nan ba gona ba ce. Kashinsu kaɗai ya isa ya cinye fentin mota."

Aka yi ta ja har aka tsaya a kan takwas. Sauran Kawu ya rarraba wa masu kiwo, yana miƙa kowacce yana faɗin halinta kamar mai aurar da 'ya. Takwas ɗin aka kafa musu akwati a lungu, bayan ɗakin janareta.

Ya kulle su kwana uku, ran na huɗu ya buɗe. Suka tashi, suka kewaya gidan sau biyu, suka miƙe sai tsohon gida. Can kuwa an riga an ɓamɓare akwatunan, leburori na ta fasa bango za a yi shaguna. Haka suka jeru a kan katangar da babu komai. Kullum da la'asar Kawu zai hau motar haya da kwando da gwangwaninsa, ya tsaya a bakin titi yana kaɗawa, dattijo mai shekara saba'in da biyu, mutane na kallonsa. Ya kamo su ya dawo da su, da ya buɗe su koma.

Wata rana ya ƙirga ya ga shida. Ya leƙa ciki ya ga gashi a gindin buhunan siminti, ga toka a gefe.

"Baba, yi haƙuri," in ji ɗaya daga cikin leburorin, yana sakace haƙori. "Mun ɗauka marasa gida ne."

A nan na shigo, kuma har yau ina jin haushin bakina. Na je gaishe shi na tarar ya rame, ƙafafunsa sun kumbura saboda zirga-zirga.

"Kawu, ka fige su mana," na ce. "Sati huɗu ne kawai, gashin ya fito, sun saba."

Ya ɗago ya dube ni. "Har da ke, 'yar nan?"

"To ka fi so leburori su ƙarasa su?"

Washegari ya aiko a kira ni, wai in zo in riƙe masa.

Na sha ganin hannun Kawu yana ɗaukar ƙusar da ba ta kai ƙwayar gero ba, ko motsi ba ya yi. Ran nan sai da ya kai hannu sau uku kafin ya iya kama gashi ɗaya. Ina riƙe da tattabara, ina jin zuciyarta na bugawa a tafin hannuna, shi kuma yana buɗe fiffiken yana zare gashin ɗaya bayan ɗaya, kowanne sai ya ce, "Yi haƙuri." Da muka gama ya ajiye su ƙasa. Suka yunƙura za su tashi, suka faɗo, suka sake yunƙurawa. Daga ƙarshe suka haƙura suna yawo a kan tayil kamar kaji. Kawu ya shige ɗaki, bai ci abinci ba ran nan.

A gidan akwai kyanwa, matar Yaya ce ta ajiye ta saboda ɓerayen sito. Kawu ya roƙi alfarma ɗaya tak, a riƙa kulle ta a sito har gashin ya fito. Kowa ya ce ba komai. Duk da haka bai yarda ba. Ya ɗauko kujerarsa mai ƙafa uku ya dasa a lungun, tun safe har yamma yana gadi. Kwana goma sha biyu yana haka. Sabon gashi ya fara tsirowa kamar allurai, yana kirana a waya yana ba ni labari, har na ji ya yi dariya.

Ran na goma sha uku yana da ganin likita saboda hawan jini. Ya ce ba za shi ba, ni na matsa masa, ni na kai shi. Kafin mu fita ya mayar da su akwati ya sa sakata. Rana ta take, zafi ya yi tsanani, matar Yaya ta ji suna ta kuka a ciki. Tausayi ya kama ta, ta buɗe musu ta ajiye ruwa, tunda ta san kyanwa na kulle. Ba ta san Yaya ya shiga sito da safe ya ɗauki famfon taya ba. Ya fito yana waya, ya bar ƙofar a buɗe.

Da azahar muka dawo. Tun daga ƙofa na ga gashi yana yawo a kan tayil. Ba ta bar ko ɗaya ba. Guda ɗaya kawai ta ci, sauran wasa ta yi da su ta watsar. Da fiffikensu na nan, tsalle ɗaya ya isa ya kai su kan katanga.

Matar Yaya na tsaye tana kuka. Shi kuwa Yaya, da aka kira shi ya zo ya gane ɓarnar daga ina ta fito, sai kunya ta koma masa fushi. Mutumin da bai taɓa watsa musu ko ƙwayar hatsi ba, shi ne ya ɗauko sanda ya ritsa kyanwar a bayan tankin ruwa, yana rantsuwa yau sai ya karya ta. Ta takure jikin bango, kunnuwa a kwance, gashi maƙale a bakinta.

Kawu na durƙushe yana tattara su cikin kwando. Bai ko ɗago ba.

"Ajiye sandan nan."

"Baba, ka bar ni da ita, wallahi yau…"

"Na ce ka ajiye. Me ta yi maka? Ita a ƙasa ta same su." Ya sa ta ƙarshe a kwandon, ya miƙe da ƙyar, ya buɗe tafukan hannunsa biyu ya miƙa wa ɗansa. "In duka kake son yi, ga wanda ya sauko da su."

Ni ina gefe ina jira ya ambaci sunana, ko ya harare ni irin hararar da yake wa masu kawo mataccen agogo. Da ya yi, da na samu sauƙi. Shekara uku ya ƙara a duniya, ina zuwa gaishe shi duk mako, bai taɓa tayar da maganar ba.