Saniyar Baffa Sambo a Kwazazzabon Tapowa

Ranar farko: Gwiwa zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Gwiwa, ni da Baffa Sambo, yayan mahaifina, a bayan wata akori-kura da aka cika da fatun shanu. Shekarar babban farin nan ce, ba a daɗe da fara kashe naira ba. Garken Baffa ya ƙare ƙaf. Saniya ɗaya ta rage masa a duniya, Wule, ita ma ba ta hannunsa. Shekara huɗu kafin nan ya ba amininsa Buba ita habbanaye, wato aron da Fulani ke yi wa wanda ya rasa dabba: ya riƙe saniya ta haifa masa uku, 'ya'yan nasa ne, sannan ya mayar da uwar. Fari ya yi ta kora Buba yamma, har wani falke ya ce ya gan shi a bakin wani gandun dajin gwamnati, can bayan Yamai. Idan muka dawo da Wule, Baffa yana nan a makiyayi. Idan ba mu dawo da ita ba, sai ƙwadago a gonar wani, yana da shekara sittin da ɗoriya.

Ni malamin firamare ne, an haɗa ni da shi don in riƙa karanta takardu. Muka bi ta Kazaure, Daura, Katsina, muka tsallaka iyaka ta Jibiya da la'asar. Jandarma ya miƙo mini takarda da Faransanci, na yi ta juya ta. Baffa ya ce, "Malam, karatun ya ƙare ke nan?" Muka canza kuɗinmu zuwa sefa, muka sauka a tashar Maraɗi.

Rana ta biyu da ta uku: hanyar Yamai

Fiye da kilomita ɗari shida ne, a babbar mota, ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutse da Doso. Na ɗauka mun ga fari a gida, ashe ba mu ga komai ba. Mushen shanu dama da hagu, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi wa mota. Baffa ya daina leƙe, ya rufe fuska da rawani. A Doso muka ci dambun zogale, shi ko loma uku bai yi ba.

Rana ta huɗu: gandun daji

Ƙarfe bakwai muka haye gadar Yamai, muka wuce Sayi, daga nan sai turba mai jan tsakuwa. Kimanin kilomita ɗari da hamsin, amma sai bayan azahar muka isa, a motar da ke kai wa ma'aikatan gandun hatsi. Na tambayi direba ko ya san wani Buba Bafulatani.

"Mai maraƙa ɗaya? Kowa ya san shi. Yanzu shi ke bin sawun namun daji yana nuna wa baƙi."

Na waiwaya. Baffa ya yi kamar bai ji ba.

Abin da na gani a bakin gandun ya ɗaure mini kai. Ƙetaren kogin da ya yi wa gandun iyaka ciyawa ta bushe, amma tana nan tsaye har ƙirjin mutum, ba a taɓa ta ba. Ga ɓauna ƙosassu, ga giwa uku suna karya reshe hankali kwance. Daji guda an keɓe wa namun dawa, ba kiwo, ba sara, ba farauta. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba.

Buba ya fito daga wata bukka. Suka yi gaisuwa da Fulatanci mai tsawo, kowa na kallon ƙasa, ba wanda ya ambaci saniya. Har na ƙosa. Da aka sha ruwa sai ya ce, "Sambo, taso in nuna maka."

Muka yi tafiyar rabin sa'a a kan shimfiɗaɗɗen dutse. Ƙasa shafe take kamar filin idi, sai kawai ta ƙare. Taku biyu a gabana rami ne, kwazazzabon kogin Tapowa, bangon jan dutse a miƙe, zurfinsa ya fi doguwar giginya. Can ƙasa ga ruwa kore kwance. Duwatsun Roni na wajenmu kana hango su tun daga nesa, wannan kuwa sai ka zo bakinsa. Na ja da baya, na zauna dirshan. A gefen ruwan na ga fari-fari barbaje. Ƙasusuwa ne da ƙahoni.

Buba ya ce, "Kwana uku Wule da sauran shanun da na tara ba su sha ruwa ba. Da Wule ta ɗaga hanci ta shaƙi ruwa, sai na yi abin da muka saba: na janye sanda, na bar ta ta ja gaba. A ƙasarmu saniya ta bi hancinta, tafki za ta kai ka. Suka zuba a guje. Na baya na tura na gaba. Ina ihu, ina kiran sunayensu."

Baffa ya daɗe yana duban ƙasa. "Inna lillahi," ya ce. "Ni ma da haka zan yi."

Rana ta biyar: juyowa

Da hantsi Buba ya jawo wata maraƙa ja mai farin goshi. 'Yar Wule ce, tana ɗaure a dangwali, igiyar maruƙa, ranar da abin ya faru, shi ya sa ta tsira. Ita kaɗai ya mallaka. Ya miƙa wa Baffa igiyar.

"Ba zan karɓa ba," in ji Baffa. "Saniyar habbanaye in ta mutu ba a biya. 'Yar taka ce."

Na kasa haƙuri. "Haba Baffa, kwana huɗu a hanya!"

"Malam, ka yi shiru, wannan ba a allonka yake ba."

Buba ya sake miƙa igiyar. "Wa ya ce biya ne? Na ji ba ka da ko kofato. Habbanaye na ba ka. Ta haifa maka uku, ka dawo mini da ita."

Tunda nake ban taɓa ganin hawayen Baffa ba sai ranar. Ya karɓa da hannu biyu.

Kwana shida muka yi a dawowa, don ba kowane direba ke yarda da maraƙa ba, kuma kowane shinge sai an nemi takardar allurarta. Ranar Talata bayan la'asar muka shiga Gwiwa, Baffa a gaba yana jan ta, mutane na fitowa kallo kamar garke ya koro. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da duk wanda ya ba mu ruwa a hanya.

Maraƙar ta girma ta haifi uku, biyu mata. Baffa bai ga na ukun ba, amma kafin ya cika ya kira ni ya damƙa mini igiyarta. Ni na mayar wa Buba da ita Tapowa.