Kofi Uku na Mushe Illiyasu

Da hantsi ne, ina shagona a kasuwar Arlit ina auna wa wata mata shinkafa, sai Agali makanike ya tsaya a bakin ƙofa ba sallama. Ya ce, "Sani, Mushe ya riga mu gidan gaskiya." Na ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, tiya ta suɓuce daga hannuna. Ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya fara kama ni kafin baƙin ciki ya iso. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne, yanzu wa zai gaya mana ko mu zauna a garin nan ko mu tattara mu tafi?

Mushe Illiyasu (mu nan haka muke kiran malamin boko, Mushe) shi ya koya mana tarihi a lakwal, wato makaranta. Bayan ya yi ritaya bai koma garinsu ba, ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, tsofaffin ɗalibansa muka mai da wurin fadarmu ta la'asar. Agali ne mai dafa shayi. Duk wanda ya zauna a Arlit ya san rayuwarmu ba a hannunmu take ba. Ruwan da muke sha da wutar da muke kunnawa da cinikin da muke yi, duk sun rataya ne ga ramin uraniyom, ramin kuma ya rataya ga abin da wasu mutane za su yanke a Yamai da ƙasar Turawa, mutanen da ba su taɓa jin sunanmu ba. Shi ya sa in rediyo ya yi tari, mu nan sai zazzaɓi.

Mushe yana da ɗabi'a guda da ta sha ba mu haushi. In ka kawo masa labari da gudu, ba zai ce maka uffan ba sai an zuba kofin farko. Ya ce masana a jami'o'i sun daɗe suna gardama kan yadda ƙasa ke yanke shawara game da wata ƙasa, shi kuwa ya raba gardamar tasu a kofunan Agali. A kofin farko sai ya ce mu ɗauki ƙasa kamar ɗan kasuwa guda, mai lissafin riba da asara. "Me za ta samu, me za ta rasa? Ku bar zancen zumunci, ba a zuwa da shi kasuwa."

A na biyu sai ya rushe abin da ya gina. Ya ce ƙarya ne, ƙasa ba mutum ɗaya ba ce, gida ne mai ɗakuna da yawa. Sojoji na ja nan, masu baitulmali na ja can, masu kamfani na raɗa ta taga. Abin da muke ji a rediyo ana kira shawarar ƙasa, sau da yawa saura ne kawai na abin da ya tsira bayan sun gama kokawa. Agali yakan ce, "To Mushe, kai ka faɗi, kai ka warware, mu wanne za mu kama?" Shi kuwa sai ya ce, "Kai dai zuba mana, ɗan Abzin, baƙon da ya tashi kafin kofi na uku ai ya zagi mai gida."

Na ukun gajere ne. Shugaban da kansa, abin da aka taɓa yi masa yana saurayi, wanda ke shiga wurinsa ba iso, abin da yake tsoro. Nan muryar Mushe takan yi ƙasa. Yakan ce, "Wannan ya fi zaƙi a baki, amma shi ne ba ya lissafuwa."

Bara na ga amfanin wannan ɗabi'a. Farashin uraniyom ya hau, Yamai da Turawa suka shiga cacar baki, ga nakiyoyi a hanyar Agadas, ga dokar ta-ɓaci, mutum ba ya faɗin ra'ayinsa sai ya waiga. Aka ce kamfanin uraniyom zai rufe, za a kashe famfo. Barci ya ƙaurace mini. Na je na ce masa zan karyar da shago, in sa iyalina a mota zuwa Tawa. Ya ce in zauna. Ya bi da ni kofi ɗaya bayan ɗaya, ya ce mai ciniki yakan miƙe ya kakkaɓe riga kamar zai tafi, alhali idonsa na kan kayan. Bature na son hasken lantarki a gidansa, Yamai na son kuɗin albashi, ba mai barin ramin. Na ce, "Na ukun fa, Mushe?" Ya ce, "Na uku sai addu'a. Amma biyu sun rinjayi ɗaya, ka zauna." Na zauna. Ba zan ƙara gishiri ba, motar da na so sa su ta isa lafiya. Amma an daidaita, famfo bai tsaya ba, shagona yana nan.

Ranar sadakar uku, muna zaune a ƙofar gidan Mushe, wani ya zo da sabon labari, wai an sake ɓatawa, wai Turawa na kwashe iyalansu daga Akokan, garin ma'aikatan ramin da ke kusa da mu. Wallahi gaba ɗayanmu muka juya wajen da Mushe ya saba zama. Babu kowa sai matashinsa na fata.

Can matarsa, Inna Rabi, ta aiko in shiga. Ta ce, "Sani, ku kuna ganin malaminku dutse ne. Duk ranar da ya kwantar muku da hankali, in ya shigo nan ba ya iya cin tuwo. Hannunsa rawa yake, sai ya ɓoye shi cikin riga. Ya ce in kun gani, rabin kasuwa zai watse." Sannan ta ce, "Ga marayu, ga ni. Mu koma gida ko mu zauna? Kai ne babba cikin ɗalibansa."

Na ce, "Inna, a yi mini haƙuri kaɗan." Na fito na ce wa Agali ya ɗora buta. Na bi na farko, na bi na biyu, yadda ya koya mana, mutane na saurare. Da aka miƙo na uku ban ce komai ba, don ban san abin da ke cikin zuciyar kowane shugaba ba. Na koma na durƙusa na ce mata, "Inna, biyu sun rinjayi ɗaya, ku zauna." Hannuna yana cikin riga har na fito.

Allah Ya jiƙan Mushe Illiyasu, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba shi aminci a ranar babban tsoro kamar yadda ya ɗauki namu ya haɗa da nasa. Allah Ya ba Inna Rabi haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ya sanya tausayinmu a zukatan masu yanke shawara a nesa, mu kuma Ya sa mu cika da imani. Amin.