Gidan Gwaggo a Katangar Mai Fenti

Kullum da hantsi Mai Fenti zai buɗe shago, ya wanke buroshi da kananzir, ya hau rubuta allunan teloli da masu aski. Wannan neman abinci ne kawai. Aikinsa na gaske yana bayan shago, a doguwar katangar da ya shekara talatin yana zana ƙauyen kakanninmu, wanda Turawan mulkin mallaka suka tayar don haƙar ma'adinai, suka bar mana ramuka cike da koren ruwa. A taswirarsu ma cewa suka yi babu kowa a wurin.

Shi bai taɓa ganin ƙauyen ba, ga shi da taurin kai: ko turmi ba ya zanawa sai tsofaffi biyu sun shaida. Mai ɗakinsa takan tsokane shi, "Malam, wai kai mai zane ne ko alƙali?"

Bana hannunsa ya fara rawa, likita ya ce ya ajiye buroshi. Saura gida ɗaya tak, gidan da aka haifi gwaggonsa. Cikin 'yan ƙauyen ita kaɗai ta rage a raye, babu na biyun da zai shaida. Abin ya hana shi sukuni, amma ya bar wurin fari fat.

Ranar nan Gwaggo ta dogaro sandarta ta zo, ta daɗe tana duban katangar.

"Ɗan nan, gidan ubana ka bari fili? Ai haka Bature ya yi."

Ya ɗauko fenti, tana faɗa yana zanawa, hannu na karkarwa. Da ya gama sai ga ɗaki a karkace.

"Ki yi haƙuri, Gwaggo, hannun ne ya ƙi."

"Kar ka taɓa! Da ma haka yake, Baba bai iya gini ba."

Ta yi dariya, sai kuma hawaye. Mu da ke tsaye ma ba mu iya riƙe namu ba.

Mai Fenti, kai ne ka tsaya mana shaida cewa da mutane a wurin nan. Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba hannun nan lafiya. Mu kuma, duk mai tsoho a gida ya je ya zauna gabansa yau, ya tambaye shi ina ƙofar gidansu take kallo, tun akwai mai ba da amsa.